Sunan da Malama Mildred Ta Ara

A ƙauyen da ke bayan Fadan Kagoma, idan ka tambayi gidan Malama Mildred ba wanda zai ce maka bai sani ba, domin rabin magidantan garin sun sha bulalarta a aji uku, sauran rabin kuma 'ya'yansu ne suka sha. Shekara talatin da huɗu ta yi tana koyarwa kafin ta ajiye alli. Gajeriya ce, da tabarau mai ƙafa ɗaya da ta ɗaure da zare, ga gwiwar hagu da ke sanar da ita ruwan sama tun hadari bai haɗu ba. Mijinta Gershon ma'aikacin reluwe ne a Kafanchan, mutum mai sanyin hali da ko akuya bai taɓa ɗaga wa murya ba. Shekara tara ke nan da rasuwarsa. Ya bar mata gida, da gonar citta, da akwatin ƙarfe cike da littattafai.

Abin da ɗalibanta ba su taɓa ganowa ba shi ne, matar nan da ke sa ƙato ya yi fitsari a wando da kallo ɗaya, matsoraciya ce ta ƙin ƙarawa. Babur ya tsaya a ƙofarta ba zato, sai gabanta ya faɗi. Kare ya yi haushi sau biyu ya yi shiru, sai ta kasa haɗiye tuwo. Ni dai ban ga laifinta ba. Duk wanda ya zauna a yankin nan ya san shekarun da mutane suka riƙa kallon hayaƙi daga nesa suna tambayar juna ko ƙonan daji ne ko gidan wani. Sau biyu ta gudu cikin duwatsu da takardun makarantarta ƙulle a bakin zane. An binne waɗanda aka binne, an yi addu'a, an watse, ba a taɓa cewa ga wanda ya yi ba. Kullum maganar ɗaya ce, wai waɗansu mutane ne da ba a san ko su wane ne ba.

To wannan matsoraciyar, ba ta da abin karatu in ban da littattafan kisan kai. Kuma ba kowane iri ba, sai waɗanda aka yi kisan a can wata uwa duniya: a tsibiri, ko cikin jirgin ruwan masu yawon buɗe ido, ko a otal kan dutsen ƙanƙara. Gershon ne ya fara kawo mata su, daga abin da fasinjoji ke mantawa a jirgi. Bayan jirgi ya daina zuwa kamar da, sai ta koma wurin Patrick, mai shimfiɗa tsofaffin littattafai a kan buhu a kasuwar Kafanchan. Ita da ba ta taɓa wuce Jos ba, sai ta ba ka labarin garin da ake shiga kwale-kwale a je sayen burodi kamar a can aka yanke mata cibiya. Idan aka tsokane ta, aka ce yaya mai gudun haushin kare take karanta gawa, amsarta ɗaya ce. A can, in an kashe mutum, kafin shafin ƙarshe sai an tara kowa a ɗaki ɗaya an kira sunan wanda ya yi. Tsoro ne mai bango, in ji ta, in ta gaji ta rufe shi ta mayar akwati.

Lokacin tonon citta, matan unguwa kan yi aikin gayya, yau gidan wannan gobe gidan waccan. A zauna a inuwar mangwaro da wuƙaƙe, a tsaga citta gida biyu a shanya a rana. Aiki ne mai cin yatsu da ƙugu, shi ya sa suke son ranar gidan Malama, domin a nan ake ba da labari. Ta karanta da Turanci, ta juye musu da Hausa, har da kwaikwayon murya. Matsala ɗaya ce, sunayen mutanen littafin ba sa zama a bakin matan. Sai ta samo dabara. Tana da sunaye a kai fiye da rajistar makaranta, don haka kowane mutum a littafi sai ta ara masa suna na gida. Likita ya zama Nicholas, mai dafa abinci ta zama Ladi, a yi ta dariya. Shekara da shekaru haka take yi, ba wanda ya taɓa ganin aibun abin, ita ma ba ta gani ba.

A bara, Patrick ya ba ta wani littafi da aka yi a wani tsibiri mai sanyi. Otal ne a kan dutse, teku a ƙasa, iska ta hana jirgin ruwa zuwa kwana uku, aka wayi gari an ga gawar mai otal a gindin dutsen. Akwai ƙanin mamacin, kyakkyawan mutum mai magana a hankali, wanda ke dafa wa kowa shayi yana ba su haƙuri. Wannan ta sa masa suna Gershon, don ya tuna mata da mijinta. Akwai kuma wani makiyayin tumaki da ke zaune shi kaɗai a bayan gari, ba ya yawan magana, kullum da sanda. Da ta zo kansa sai ta duba rajistar kanta ba ta sami wanda ya dace ba.

Ta ce, "Wannan kam mu ce masa Jibir."

Mata suka kwashe da dariya, domin Jibir ɗaya suka sani. Bafulatani ne da ke da ruga a tsallaken rafi, shekara goma sha tara yana nan. Bayan girbi shanunsa ke cin karan gonar Malama su bar mata taki. Matarsa Nene kuwa duk Talata sai ta sauke ƙwaryarta a ƙofar Malama, su yi hira, wani lokacin ta kawo mata man shanu ta ce ta shafa a gwiwa.

Kwana biyu ana labarin. Sai a rana ta uku da safe, tana juya shafuka, Malama ta gano abin da Patrick bai gaya mata ba: babu ƙarshen littafin. An yage shafi wajen goma sha biyar, wataƙila wani ya kunna wuta da su. Labari ya tsaya daidai inda mai bincike ya tara kowa a falo ya buɗe baki. Ya kamata ta gaya wa matan gaskiya. Amma macen da ta yi shekara talatin da huɗu ba ta taɓa ce wa aji "ban sani ba", ba ranar nan za ta fara ba.

Paulina, wata matashiyar uwa mai yawan surutu, ta ajiye wayarta a kan turmi tana ɗaukar murya, wai za ta tura wa yayarta a Sabon Tasha da ke bin labarin. Ta ce, "Mama, yau dai sai kin gaya mana. Jiya ban yi barci ba fa. Waye ya kashe shi?"

Malama ta gyara tabarau, ta rage murya yadda ta saba in an zo wurin da gashin jiki ke tashi. Ta ce, "Jibir ne. Ya daɗe yana riƙe da shi a zuciya. Ya bi shi a baya ba wanda ya gani, ya tura shi daga kan dutse. Sa'an nan ya koma cikin dabbobinsa kamar bai yi kome ba."

Mata suka yi salati irin nasu, wata ta ce ai ita tun farko ta san shi ne. Aka gama tsaga citta, aka sha kunu, kowa ta kama gabanta.

Bayan mako biyu, ranar Laraba, aka tsinci gawar Kumai a bakin rafi. Dattijo ne mai lambun rani, ya fita ban ruwa da sassafe bai dawo ba. An same shi a gindin babban dutsen da ke kan hanyar ruga, kansa a fashe. Malama ta je gaisuwa, ta zauna da matarsa Tamar, ta dawo gida jikinta a sanyaye. Ko kusa ba ta tuna da littafin ba.

Alhamis da hantsi tana juya citta a rana, sai ga Paulina a guje, ba ɗankwali, ba takalmi ɗaya. Ta miƙa mata waya. "Mama, na shiga uku. Wallahi yayata kawai na tura wa. Ita ta tura a grup na coci, daga nan ban san waye ya yanke shi ba. Ki ji."

Malama ta kara wayar a kunne, ta ji muryarta. An cire otal, an cire teku, an cire dariyar mata. Abin da ya rage bai kai minti ɗaya ba: Jibir ne, ya bi shi a baya, ya tura shi daga kan dutse. A ƙasa wani ya rubuta cewa tsohuwar malamar makaranta ta fasa ƙwai a kan kisan Baba Kumai.

Ta mayar wa Paulina wayar. Duk tsoron da ta sha a rayuwa daga waje yake zuwa, ana iya kulle masa ƙofa ko a gudar masa. Wannan kuwa daga bakinta ya fito.

Ta ce, "Ina samarin garin?"

"Suna filin makaranta. Kaleb ne a gaba. Mama, suna da adda."

Kaleb ɗan Kumai ne na fari, magidanci mai 'ya'ya uku. Malama ta san idan suka bar filin, minti ashirin ya ishe su su kai ruga, ta kuma san abin da zai biyo baya, domin ta taɓa ganinsa, kuma ba a ruga ɗaya yake tsayawa ba. Ta ce wa Paulina ta ruga ta kira mai unguwa, ta kuma roƙi Tamar ta fito ko da tana cikin makoki. Ita kuma ta shiga ɗaki ta ɗauko littafin, ta bi ta bayan gonaki. Ba jarumtaka ba ce, kada wani ya yi mata ƙarya. Tana tafe tana kuka, gwiwa na ƙara, sau biyu ta tsaya ta yi niyyar komawa ta kulle ƙofa. Abin da ya hana ta, ta tuna Nene na can tana tatsar madara ba ta san kome ba.

Akwai inda hanyar ruga ta matse tsakanin duwatsu biyu, mutum biyu ba sa wucewa a jere. Nan ta zauna dirshan a ƙasa, ta tare hanyar. Ba a jima ba ta ji su. Babu ihu, babu waƙa, ƙarar takalma kawai, kuma shirun ya fi ihu ba ta tsoro. Sun kai talatin. Ta duba fuskokin, babu wanda ba ta taɓa riƙe hannunsa ta koya masa rubuta baƙi ba.

Kaleb ya tsaya, idonsa jajur. "Mama, abeg ki tashi. Mun gode da kin faɗi gaskiya. Sauran namu ne."

Ta ɗaga littafin. Ta ce labari ne, ƙage ne, wani Bature ya zauna a ɗakinsa ya rubuta. Ta nuna musu hoton teku a bango. Ta ce su tambayi iyayensu mata, an ba da labarin tun mako biyu kafin Kumai ya mutu. Ta buɗe ta karanta musu sunan makiyayin na gaskiya, suna mai tsawo da ya sa wani a baya ya yi tsaki. Waɗansu suka fara kallon juna, adda ta fara sauka.

Kaleb ya karɓi littafin. Ai ita ta koya masa karatu. Ya juya zuwa ƙarshe, ya ga yagaggen wuri, ya daɗe yana kallo.

"Mama, ina wurin da aka ce shi ya kashe?"

Ya juyo mata da yagaggen wurin.

"Babu ƙarshe a littafin nan. To ba Bature ya ce Jibir ba. Ke kika ce. Cikin mutane nawa a labarin, me ya sa shi kika zaɓa? Kin san wani abu a kansa, ko ba haka ba?"

Addunan da suka sauka suka sake tashi. Tambayar da ta ƙi yi wa kanta tun safe ce aka yi mata a gaban jama'a. Za ta iya cewa tsautsayi ne, amma ta san Kaleb ba zai karɓa ba, kuma ta san ba gaskiya ba ne.

Ta ce, "Ban san kome a kansa ba sai alheri. Shekara goma sha tara bai taɓa bari saniyarsa ta taka mini shuka ba. Na zaɓe shi don shi ne ba namu ba. Don yana zaune a bayan gari, yana da sanda, ba ya shiga cocinmu. Na san in na ce shi ne, ba wadda za ta yi mini musu, kuma ba wadda ta yi. Tsoronsa nake ji ba gaira ba dalili, irin wanda kuke ji yanzu. Ƙarya na yi, Kaleb. Malamarku ta yi ƙarya don kada a ce ba ta san amsa ba. In jini kuke so, ga mai laifin a zaune."

Ba wanda ya motsa. Tana kallon addar da ke hannun Kaleb, tana ganin inda aka wasa ta da safen nan. A haka mai unguwa ya iso a bayan babur, Tamar na biye da shi cikin baƙin zane, Paulina na riƙe da ita. Tamar ba ta kalli kowa ba sai ɗanta. Ta ce wata uku ke nan babansa na fama da jiri, sau biyu ya faɗi a tsakar gida, ya rantsar da ita kada ta gaya wa 'ya'yansa don kada su hana shi lambu. Ta ce, "Ka ajiye wannan abu ka zo ka binne babanka." Kaleb ya zauna a kan dutse ya rufe fuska, ya fashe da kuka irin na yara. Ɗaya bayan ɗaya samarin suka juya.

Da la'asar Malama ta lallaɓa ta haye rafi. Tun daga nesa ta ga an kwance bukkoki, an ɗaure kaya a bayan bijimai. Nene na naɗe tabarma. Ta ɗago ta kalle ta, ta ci gaba da abin da take yi.

Malama ta ce, "Nene, an kashe wutar. Sun koma gida. Ba wanda zai taɓa ku."

Jibir ne ya amsa. Dogo ne, furfura ta fara cin gemunsa, ya jingina da sandar nan tasa. Ya ciro ƙaramar waya daga aljihu ya ce wani ɗan'uwansa ne ya turo masa muryarta daga Kafanchan, wani kuma ya kira shi daga Kachia. "Na wannan gari sun koma gida, Malama. Na sauran garuruwan fa, wa zai zauna musu a hanya?" Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ta fi jin sauƙi. Ya ce, "Sau uku na saurara. Kin iya ba da labari. Ni kaina na kusa yarda."

Ta durƙusa a kan gwiwar da ba ta lanƙwasuwa, ta roƙi gafara. Jibir ya ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, ya juya wajen shanu. Nene ta zo wucewa da ƙwarya a kai, ta tsaya a gabanta. "Duk Talata ina zama a ƙofarki," in ji ta. "Ashe haka kike ganinmu." Ba ta jira amsa ba.

An kwashe citta, an yi shuka, ciyawa ta rufe inda rugar take. Malama ta sa Paulina ta ɗauki muryarta tana bayanin gaskiya daga farko har ƙarshe, aka tura ko'ina. Minti tara ne. Kusan ba wanda ya saurara har ƙarshe, balle ya tura wa wani.

Cikin damina, ta je Kafanchan karɓar maganin gwiwa, sai Patrick ya ƙwala mata kira daga ƙarƙashin lemarsa. Ya ce ya samo mata wani kwafin littafin nan, cikakke, ba yage ko ɗaya. Ta so ta wuce, amma ƙafarta ta ƙi. Ta zauna a kan bencinsa, ta goge tabarau, ta buɗe daga inda nata ya tsaya. Mai bincike ya tara kowa a falo. Makiyayin ma ba a gayyace shi ba, don a daren da abin ya faru yana can yana karɓar haihuwar tunkiya. Wanda ya tura mai otal ƙaninsa ne, mai dafa shayin nan, mai magana a hankali. Wanda ta sa wa suna Gershon. Alamun duk suna nan tun shafi na arba'in, ta karanta su da idonta, har ta juye wa mata su da Hausa. Ba ta gan su ba ne don ta riga ta ba shi sunan gida.

Har yanzu ana taruwa a inuwar mangwaronta lokacin citta, har yanzu tana ba da labarin tsibirai da jiragen ruwa. Amma sunaye tana barinsu yadda Bature ya rubuta, mata su yi ta karya harshe, in sun yi ƙorafi ta ce su yi haƙuri. Haushin kare ya daina damunta sosai, waya ce yanzu ba ta so ta gani a kan turmi. Duk ranar da ta shiga Kafanchan kuwa, sai ta bi layin masu nono ɗaya bayan ɗaya, cikakken littafin na cikin jakarta, tana tambaya ko akwai wadda ta san inda Nene matar Jibir ta koma. Suna amsa gaisuwarta da ladabi, su ce ba su sani ba. Waɗansunsu, tun daga gaisuwar suke gane muryar.